Wasiƙu Goma Sha Ɗaya da Suka Cinye Gidana

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, lauyoyin da suka buɗe mana wannan ofishi na taimako kyauta, dattawan unguwa, iyayenmu mata da ke zaune a baya, 'yan'uwana masu gidaje, da waɗanda suka taɓa mallakar gida irina, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni wannan dama. Na san ba don ilimina aka gayyace ni ba. An gayyace ni ne don ku ga yadda mutum yake komawa in ya yi abin da na yi. Na kuwa amsa, domin wanda ba shi da ƙofar da zai rufe ba shi da abin ɓoyewa.

Shekara talatin da biyu ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina shugaban makaranta. Wasunku ni na koya musu rubuta wasiƙa: adireshi a sama, kwanan wata, gaisuwa, sa hannu. Da na yi ritaya sai na jinginar da takardar gidana a banki, na karɓi rance na buɗe kantin littattafai. Cikin shekara biyu kantin ya mutu. Wannan ƙaddara ce, na karɓa. Amma abin da ya biyo baya ni na yi shi, da hannun nan nawa mai kyawun rubutu.

Abu na farko, jama'a, girman kai. Banki ya rubuto mini, na rubuta masa. Ya sake rubutowa, na sake ba shi amsa. Uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, ka nemi lauya mana." Na ce, "Lauya? Me zai rubuta da ban iya ba? Rabinsu ko waƙafi ba su san inda ake sa shi ba." Ta ɗauke kofin shayina ta ce, "To, Allah ya sa banki ya ba ka maki."

Abu na biyu, sammaci. Ranar da ma'aikacin kotu ya miƙo mini shi, an rubuta ƙarara cewa ina da kwana ashirin da ɗaya in mayar da amsa. Na zauna na tsara wasiƙar da ta fi duk wadda na taɓa rubutawa a duniya, shafi huɗu, babu gogewa ko ɗaya. Ita ce ta goma sha ɗaya. Na sa babbar riga, na kai wasiƙar ina? Banki. Domin a tunanina, wanda ke bin ka bashi shi ake ba haƙuri. Manaja ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya karanta ya ce, "Baba, rabona da ganin rubutu irin wannan tun ina makaranta. Za mu duba." Na dawo gida na ce an gama. Kotu ba ta taɓa ganin wasiƙar ba. Alƙali ya kira sunana, ba ni, ba wakilina, ya yanke hukunci. Ruwan sanyin nan shi ne kaɗai abin da bankin ya taɓa ba ni kyauta.

Abu na uku, jinkiri. Sai da aka manna takardar gwanjo a bangon gidana na je wurin lauya, wata yarinya sa'ar autata. Ta baje kwafin wasiƙuna a tebur, ta jera rasiɗan da na kawo mata cikin gwangwanin biskit. Ta gano biya uku da na yi ba a sa su a lissafi ba. Sannan ta nuna mini wasiƙa ta bakwai, inda ni, don ladabi, na rubuta cewa na amince da dukan adadin da suke bi na. Ta cire tabarau ta ce, "Baba, wa ya ce ka rubuta wannan?" Na ce babu kowa. Ta ce, "Da ka zo kafin kwanakin nan su cika, da ina da abin faɗa wa alƙali." Ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Ba a dace ba.

Yau ina ɗaki biyu a bayan gidan surukina. Ɗakin karatuna, wanda aka gina masa kantoci a jikin bango, sabon mai gidan yana ajiye buhunan siminti a ciki. Waɗanda suka sha shayi a falona shekara da shekaru, yanzu in sun hango ni sai wayarsu ta yi ƙara. Ban zo neman tausayi ba. Na sha shi, ba ya biyan haya.

Ga abin da ya kawo ni. Shekaranjiya wani bawan Allah ya same ni da ambulan a aljihu, ya ce, "Malam, kai ka iya biro, ka rubuta mini wasiƙa zuwa banki." Na buɗe ambulan, ashe sammaci ne, na duba kwanan watansa, na ce ba zan rubuta ba. Ya tafi ko sallama bai yi mini ba. Yana cikin ɗakin nan. Ba zan faɗi sana'arsa ba, ba zan kalli inda yake zaune ba. Ƙanena, kwana shida suka rage maka. Kana da 'ya'ya biyar da tsohuwa a ɗakin tsakiya. Ga lauyoyi can a teburin baya, ba za su karɓi kwabonka ba. In an tashi zan tsaya a bakin ƙofa, ba zan motsa ba sai ka zo mun je tare. Zan riƙe maka takardu, wannan dai na iya. Biro kuwa na bar shi a gida.

Allah ya rufa mana asiri, ya bar kowa a ƙarƙashin rufinsa. Allah ya ba waɗannan lauyoyi ƙarfin gwiwa da gaskiya, ya raba mu da kunyar da ke kai mutum titi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.