Ma'aruf Na'Allah, Matuƙin Jirgin Yaƙi Ɗan Obiagu

Da sunan Allah mai rahama. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawan Inugu, Allah ya gafarta Malam Liman da sauran malamanmu, hafsoshin sojan sama, maƙwabtanmu Ibo da suka zo zaman nan, Inna Barira mahaifiyar marigayi, Lailatu mai ɗakinsa, jama'a, assalamu alaikum.

Sunana Gimba. An ɗora mini maganar nan ne don tare muka tashi da Ma'aruf a lungunan unguwar Obiagu, nan Inugu. Ya kasance yaro mai yawan kallon sama. Ko a makarantar allo ya ji ƙarar jirgi sai ya ɗaga kai, kuma ya sha bulala a kan haka. Ya kasance yana jin Ibo kamar Hausa. Da ya shiga sojan sama, Obiagu duka ta raka shi tashar jirgin ƙasa.

Da rikicin sittin da shida ya ɓarke, yana can wajen horo. Mama Nkechi, ga ta nan zaune, ita ta ɓoye Inna Barira a ɗakin girkinta har aka samu hanyar Arewa. Ma'aruf bai taɓa manta wannan ba.

Yaƙin basasa ya dawo da shi Inugu cikin kakin soja. Ni lokacin ina kai shanu barikinsu. Wata rana aka tura shi ya buge ayarin motocin yaƙi a hanyar Onica. Ya sauko ƙasa-ƙasa, sai ya ga mata da faranti a ka. Ya juyo da makamansa bai harba ko ɗaya ba. Babbansa ya tare shi da faɗa, ya ce, "Wa ya ba ka izinin dawowa?" Ma'aruf ya ce, "Yallaɓai, kasuwa ce. Yau ranar cinta, na san wurin." Aka hana shi tashi na wani lokaci, wasu suka kira shi matsoraci. Da na je yi masa jaje, sai ya ce mini, "Gimba, daga sama ba a ganin fuska. Ni kuwa na san fuskokin."

Ba za mu ce bai yi yaƙi ba. Ya yi, ya harba, kuma abin ya dame shi har ƙarshe. Ya kasance sojan da ya san inda hannunsa zai tsaya. A damina ta ƙarshe ta yaƙin aka harbo jirginsa kusa da kogin Kwara. Ba a samu gawarsa ba.

Lailatu, ki yi haƙuri. Ɗanku Talha bai san ubansa ba, to mu mun san shi, kuma alhakinmu ne mu faɗa masa. Inna, tun da kika dawo garin nan kike tambayata inda kabarin ɗanki yake. Wallahi ban sani ba, Inna. Allah ya sani, kuma a hannunsa muka bar shi.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Ma'aruf, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kowane ɓangare. Allah kada ya sake nuna wa 'ya'yanmu abin da muka gani. Amin. A yi masa Fatiha.