Furar da Na Dama wa Tanko

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai ganin abin da ke hannun mutum tun bai buɗe shi ba. Sunana Bawa. Na tsufa, haƙora sun zube, sai ku yi haƙuri da maganata. Abin da zan faɗa na daɗe ina ɓoyonsa: na taɓa zuba wa abokina guba a fura.

Ku daina kallon juna, ku saurara.

Lokacin muna samari ne, ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Ni da Tanko ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Bungudu, akushi ɗaya muke ci. Wani mutumin kudu da ya zo da aikin, Malam Yohanna, shi ya koya mana boko da lissafi da duba agogo a gindin tsamiya, yana haɗa mana da Linjila. Ni na yi karatu kamar zan mutu. Tanko kuwa rago ne, ga baki. Fitsararre ake ce masa a garinmu, don ko dattijo ya yi kuskure sai ya tanka.

Sai aka ce za a ɗauki malaman tasha, mutum uku kacal, ta hanyar jarrabawa. Muka tafi. Takardar da aka ba mu na cinye ta tas, ko kuskure ɗaya ban yi ba. Bayan nan aka riƙa shigar da mu ɗaya bayan ɗaya gaban Bature, da tafintansa a tsaye. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda aka rene ni. Bature ya nuna agogon bango, tafinta ya ce, "Ya ce ƙarfe huɗu ne, ko?"

Na saci kallo. Ƙarfe uku ne. Amma wane ni in ƙaryata babba a cikin ɗakinsa? Na ce, "Haka ne, ranka shi daɗe."

Aka kira sunaye. Da Tanko, ba ni.

Da aka sake nema bayan damina na koma. A wannan karon ina karanta takarda daidai, Bature ya gyara mini gyaran da ba daidai ba, na karɓa har da godiya. Na sake faɗuwa. Ko kusa ban kawo a raina cewa laifin yana nan ba. Ni dai na san na fi kowa sani, to me ke kayar da ni?

Nan baƙin ciki ya shige ni. Na daina zuwa wurin Malam Yohanna. In na ga Tanko da hular aiki sai in kau da kai. Mata a rijiya suna cewa, "Mai karatun yana gida, ragon yana tasha." Kai! Abin ya ci ni.

Wani kawuna ya kai ni wurin boka a bayan duwatsun Tsafe. Mutumin bai tambaye ni komai ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "An ɗaure ka. Wanda kuke sa hannu a akushi ɗaya shi ya ɗauke rabonka." Ya ba ni wani baƙin garin magani a ƙullin tsumma, ya ce in sa masa a fura, rabona zai dawo.

Kada in yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji. Na san garin nan. Na ga wani mutum a Karakkai da aka ce an ba shi irinsa, cikinsa ya kumbura, kwana uku aka binne shi. Na sani, na kuma karɓa.

Ranar kasuwar Gusau na sayi fura da nono wurin wata Bafillatana. Na raɓa bayan wani kango na kwance ƙullin, na dama da hannuna. Rana ta take, gari ya yi zafi. Na iske Tanko a inuwar rumfar tasha, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce, "Bawa! Kamar ka san ina nemanka. Ina da magana, amma bari in jiƙa maƙoshi tukuna, ƙishirwa za ta kashe ni."

Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye a gabansa. Sai ya rufe ido, yadda Malam Yohanna ya koya mana kafin cin abinci. Ya ce, "Ya Yesu, mun gode da wannan fura. Ka sa wa hannun da ya kawo ta albarka. Ɗan'uwana Bawa ya fi ni karatu, kai ma ka sani. Ka buɗe masa hanya."

Wayyo ni! Tanko ya cika ludayi ya ɗaga. A cikin zuciyata na yi ihu, "Yesu, ka taimake ni, zan zama mai kisankai!" Ban san lokacin da ƙafata ta haure ƙwaryar ba. Ludayin ma na buge shi daga hannunsa.

Ya ce, "Kai, haukacewa ka yi?"

Na faɗi a ƙasa na gaya masa komai. Kaji biyu suka zo suna tsattsagar furar. Muna nan zaune, kafin la'asar, dukansu suka miƙe ƙafa, suka mutu.

Tanko ya dubi kajin. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Maganar da nake nemanka da ita ke nan. Na matsa wa tafinta ya gaya mini. Takardarka ta fi ta kowa, sau biyu. Da gangan Bature ke faɗin ƙarya, ya ga wa zai ce a'a. Ya ce malamin tasha da zai amsa lokacin ƙarya don kunya, wata rana jirage biyu zai haɗa. Ni na ce masa ƙarfe uku ne, ko idonsa ba ya gani? Ba wanda ya ɗaure ka, Bawa."

Ya tashi ya koma aikinsa. Shekara guda bai yi mini magana ba, ban kuma ga laifinsa ba. Aikin tasha ban same shi ba har yau, don ba a sake nema ba. Noma na yi, Ubangiji kuwa bai bar ni da yunwa ba.

Ku yaranmu masu shiga jarrabawa, in kun faɗi, ku je ku tambaya a ina kuka faɗi. Kada ku bar wani ya share ƙasa ya nuna muku ɗan'uwanku. Ku dogara ga Yesu, yana jin kukan da bai ma fita daga baki ba.

Tanko, tashi su gan ka. Ga shi can kusa da taga, da sandarsa, waɗancan na kewaye da shi jikokinsa ne. Da ludayin nan ya kai bakinsa, da babu ko ɗayansu. Na gode wa Yesu. Na gode, na gode. Amin.