Turancin da Tsoho Ya Bar Mini

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sani ne daga Hyattsville.

Ban yi nisa a boko ba. Turancina a bakin wani tsohon Bature na koya, wanda na daɗe ina jinyarsa. Shayi ya zube, sai ya ce "Egad!" Na miƙa magani, sai "Fiddlesticks!" Na ɗauka haka kowa ke faɗa.

Bayan rasuwarsa na je neman aiki gidan kula da tsofaffi. Kofi ya suɓuce mini, na ce "Egad!" Shugabar gidan ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ko kakana bai tarar da wannan tsohuwar kalma ba." Har yau ba su kira ni ba.

Abokaina sun ce in daina faɗin kalmomin tsohon. Wallahi na gwada, amma ji nake kamar ina sake binne shi. Malam, yaya zan yi?