Tambayar da Aka Yi Mini a Ƙofar Masallaci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni manomi ne daga Galadi, ka yi haƙuri ba zan faɗi sunana ba.

Makon jiya wasu samari biyu suka zo garinmu, suka ce bincike suke yi kan talauci don gwamnati ta san halin da muke ciki. Sun tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, jama'a na zaune. Ɗayan ya ɗaga murya ya ce, "Baba, shanu nawa gare ka? Akwai mai aiko maka daga kudu?"

A nan ko maƙwabci ba ya tambayar mutum yawan dabbobinsa, kowa ya san dalili: 'yan bindiga na da masu kai musu labari. Amma a lokacin ban daɗe da sallame salla ba, na ji nauyin yin ƙarya. Na ce shanun noma huɗu, da ɗana mai aiki a Legas.

Kwana uku bayan haka wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mutumin ya ce, "Ashe kai ne mai shanu huɗu," ya kashe. Tun ranar ban taka gona ba, ƙarar mashin kawai sai gabana ya faɗi.

Ban zargi samarin ba, amma don Allah masu bincike ku riƙa jan mutum gefe. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in sayar da shanun, ko in kwashe iyalina zuwa Shinkafi? Su samarin sun rubuta amsata sun tafi, wanda ya ji ta kuwa har yau sahu ɗaya muke salla.