Itacen Ƙirya a Bakin Rijiya

A tashar Mai'adua ana jiran mota ta cika. Audi ya gama waya ke nan, sai wata tsohuwa da ke gefensa a cikin motar ta juyo.

"Ɗana, na ji ka ce ka babbake itacen da za a ɗaura wa igiya?"

"Ƙwarai, Hajiya. Ƙirya ce, sai da ta yi baƙi ƙirin. Ƙanena Badaru zai sauka ya yashe rijiyarmu yau. Ai tun kakanni an san wuta na ƙara wa ice ƙarfi."

"Tana hana gara, tana hana ruɓa. Ƙarfin kuwa, wa ya gwada?"

"Haba, gatari ma da ƙyar yake kama ta!"

"Tauri daban, juriya daban. Icen da bai sha wuta ba, in nauyi ya fi ƙarfinsa, lanƙwasa yake yi yana ƙara, mutum ya ankara. Babbakakke ba ya gargaɗi. Taɓaryata biyu suka karye a haka. Rijiyar gaba nawa ce?"

"Goma sha biyu."

Nan take Audi ya zaro wayarsa. Ya kira Badaru sau uku.

"Ya ɗauka?"

"Wayar a kashe take. Sai zai sauka yake kashe ta."

Ya dire daga motar yana ƙwala wa ɗan acaɓa kira.