Kausar Ba Ta da Kaka a Bin Omran

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Ɗalhatu, limaminmu Malam Sunusi, iyaye mata, 'yan uwana likitoci da direbobi da masu gadi da kuka baro aiki kuka zo, barkanmu da suna. Ni ce Dakta Sa'adiyya, likitar yara. Na gode da aka ba ni dama kafin a buɗe kulolin shinkafa, don haka ba zan ja zance ba.

Da farko, ƙwaƙwalwar jaririyar nan Kausar tana kan aiki yanzu haka. Ƙwayoyinta suna miƙa zaruruwa suna neman juna, inda biyu suka haɗu kuma nan saƙo ke ƙetarewa. Wa ke nuna musu hanya? Wasu sinadarai ne da jiki ke fitarwa, muna ce musu sinadaran girma. Su ke jan zare zuwa inda ya dace, su ke ciyar da mahaɗar idan ta ƙullu.

Na biyu, sinadaran nan ba sa rabon banza. Mahaɗar da ke aiki ita ke samun kaso mai tsoka ta yi ƙarfi, wadda aka bari zaune sai ta ƙanjame. Abin da ke sa ta aiki kuwa shi ne murya, da taɓawa, da fuskar da ke yi wa yaro dariya. Ashe har cikin kai, zumunci a ƙafa yake.

Na uku, ga ƙorafina. Jiya na ce wa angon ƙarni Mansur ya ɗauki 'yarsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Dakta, 'yar fari ce fa!" Mai jego Na'ima kuma ta ce ita bakinta ba zai iya kiran sunan ba. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma can gida ƙasarmu, in uwa da uba sun kau da kai, kaka na nan, goggo na nan, yaro ba ya sauka daga hannu. A ɗakinku na unguwar Bin Omran, nan ƙasar Larabawa, fa? Daga ku sai ƙarar iyakwandishan. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin in kuka yi shiru, shirun za ta ji.

Saboda haka Mansur, yalla in ji Larabawa, maza taso ka karɓe ta. Kira sunanta a gaban jama'a.

Kun ji? Da ƙyar sunan ya fito, har da gumi, amma ga shi ta buɗe ido.

Allah Ya raya Kausar, Ya buɗe bakin iyayenta, Ya maida kowa masaukinsa lafiya. Na gode.