Ɓerayen Farfesa Sun Warke Ba Mu Gani Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida. Da na fito, cewa na yi da mahaifiyata shekara biyu zan yi. Wanda ya riƙe ni shi ne wanda muka taru dominsa yau, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Ina gaida shugaban wannan cibiya, da shugabar sashenmu, da mambobin kwamitin kula da dabbobin gwaji, da malamai, da ɗalibai. Ina gaida yayan marigayi da ya yi doguwar tafiya. Ina gaida Anti, maiɗakinsa, da 'yarsa ta fari, da Auta. Allah Ya ba ku haƙuri.

An ce in yi magana a madadin mu da muka yi aiki a ɗakin bincikensa. An kuma ja ni gefe an ce in taƙaita, in sassauta. Zan taƙaita. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kasance mutum mai tambaya ɗaya tak a rayuwarsa: me ya sa gyambon mai ciwon suga ba ya warkewa? Idan lafiyayye ya ji rauni, waɗansu 'yan jijiyoyin jini, waɗanda ba su kai silin gashi ba, sukan tsiro daga gefe su kai wa wurin jini har ya rufe. A jikin mai suga sukan yi nawa, daga nan sai a fara zancen yanke ƙafa. Wannan ne ya zaunar da Farfesa gaban madubin ƙara girma har wuyansa ya karkace.

Ya kasance mai jin kunyar ɓerayensa. Ɗalibai kan kira shi Baban Ɓeraye a bayan idonsa, ya sani, kuma yana so. Ba a taɓa ɓera a ɗakinsa sai maganin barci ya kama shi sarai. Wata rana wata ɗaliba ta yi gaggawa, sai ya riƙe mata hannu ya ce, "'Yata, wannan bai ci bashinki ba. Ke kika zo neman alfarma a bayansa, ki yi sallama." Ya kasance idan ya hango sababbin jijiyoyi sun yi rassa a kan gilashi, sai ya ƙwala mini kira, "Baƙo, zo ka ga dangi sun zo gaisuwa!" Baƙo yake ce mini tun ranar farko. Ni kuma in ce, "Farfesa, ni nawa dangin ko waya sun daina yi." Ya ce, "Sun san kana hannu mai kyau, raggo."

Anti, kin sha ce masa ɓeraye sun fi ki ganin fuskarsa. Gaskiyarki. Ni shaida ne cewa ba yawo ya tafi ba.

Yanzu ga abin da aka ce in sassauta.

Shekara da shekaru yana haɗa wani man shafawa da yake fatan zai zaburar da jijiyoyin nan. Wannan karon shi ne gwaji na ƙarshe, domin tallafin kuɗin bincikenmu ya zo ƙarshe. Muka yi wa ɓeraye masu suga ɗan rauni a baya, kamar ƙwayar wake, rabi aka shafa musu, rabi aka bar su. Abin da wanda ba ɗan wannan aiki ba bai sani ba shi ne jijiyoyin nan baƙi ne. Sukan zo, su yi aikinsu, rauni na rufewa su janye. Wanda bai duba a sati na farko zuwa na biyu ba, ya makara.

Kwana uku da fara gwajin, Farfesa ya faɗi a kan matakala da jakarsa a hannu. Bai tashi ba.

Takardar izinin taɓa dabbobin da sunansa take. Dokar cibiya ta ce idan mai izini ya rasu, babu mai taɓa su sai kwamiti ya zauna ya sa wani. Washegarin jana'iza na je wajen sakataren kwamiti. Na ce, "Ranka ya daɗe, jijiyoyin nan ba za su jira zamanku ba." Ya ce, "Likita, na ji ka, amma hannuna a ɗaure yake. Biyu daga cikin mambobin kwamiti sun yi tafiya, ba zama sai wata mai kamawa." Ga shi can zaune, ba zan yi masa ƙarya ba: ya buga waya a gabana, ya roƙa, ba a amince ba. Dokar kuma ba muguwa ba ce. Don kare dabbobin aka yi ta, Farfesa ma yana cikin waɗanda suka rubuta ta. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kullum nakan je in tsaya bayan gilashin ƙofa ina kallon kejin ɓerayen. Mai ba su abinci kaɗai ke shiga. Da kwamiti ya zauna ya ba ni izini, na ɗaga ɓera na farko, bayansa sumul, har gashi ya fara fitowa. Na biyu haka. Duk sun warke, da waɗanda aka shafa wa da waɗanda ba a shafa wa ba. Na tambayi mai abincin ko ya lura waɗanne suka riga rufewa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Kamar dai na layin hagu, Likita. Ko na dama ne?" Ban yi fushi da shi ba. Ba aikinsa ba ne.

Saboda haka, Auta, ranar nan da ka tambaye ni ko maganin Baba ya yi aiki na ce maka sai an jima, ga amsar: ban sani ba. Wataƙila ya yi. Wataƙila bai yi ba. Babu mai sani, kuma ina tsoron ba za a taɓa sani ba.

An ce mu kwashe kayanmu ƙarshen wata, wani zai shiga ɗakin. Takardar aikina ma tare da tallafin take ƙarewa. Zan koma gida, za a tambaye ni in ba ƙira me ya ci gawayi, ban kuma tanadi amsa ba. Shugabar sashe, ba na roƙon ɗaki, ba na roƙon kujera. Kanta ɗaya nake roƙo a cikin firiza, da keji biyu a kusurwa, ko Allah zai kawo wani mai taurin kai irin nasa.

Na gode wa duk wanda ya zo. Allah Ya jiƙan Farfesa, Ya yafe masa, Ya sa ya huta. Ya dubi iyalinsa, Ya dubi masu gyambon da ba su ma san an yi shi ba. Amin.

Ga abin da na iya tsamowa: akwati biyu na gilasan gwajin bara, rabin kwalbar man shafawa, ɓeraye huɗu na iri, da kofin shayinsa. Anti, kofin naki ne.